Yadda Ake Zaɓen Sabon Kocin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa, Mataki Bayan Mataki

Sallamar koci ba ta da wuya, domin takarda ɗaya da sa hannun shugaban kulob sun wadatar. Wahalar tana wajen samo wanda zai gaje shi, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa, manya da ƙanana, suke yin asarar kuɗi da lokaci. Galibin kurakuran da ake tafkawa suna faruwa ne tun kafin a ambaci sunan kowa, saboda shugabanni sukan fara da tambayar wane ne ba shi da aiki a yanzu, alhali tambayar da ta kamata su fara da ita ita ce wace irin ƙungiya ce a hannunsu, kuma me take buƙata. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda ya dace aikin ya gudana, ko kulob ɗin na gasar Firimiyar Ingila ne ko na gasar Firimiyar Najeriya.

Mataki na farko: a gano abin da ya lalace

Kafin a nemi sabon koci, wajibi ne hukumar gudanarwa ta zauna ta rubuta, a fili kuma ba tare da kare kanta ba, dalilin da ya sa kujerar ta zama babu kowa. Kocin da ya yi ritaya bayan nasara ya bar matsala iri ɗaya, wanda wani babban kulob ya ɗauke ya bar wata, wanda aka kora saboda ƙungiya ta doshi faɗuwa daga gasa kuma ya bar wata daban. Idan 'yan wasa suna bin albashin watanni, ko an sayar da masu cin ƙwallo ba a maye gurbinsu ba, ko filin atisaye ya lalace, to sauya koci ba zai gyara komai ba, sai dai ya ƙara wa kulob nauyin biyan mutum biyu a lokaci guda.

A wannan matakin ne kuma ake yanke shawara kan lokaci. Idan kakar wasa ta yi nisa, kuma waɗanda ake so duk suna da aiki, naɗa kocin riƙon ƙwarya ya fi gaggawar ɗaukar wanda ba a gamsu da shi ba. Sai dai riƙon ƙwarya yana da nasa tarkon. Roberto Di Matteo ya karɓi Chelsea a matsayin na wucin gadi a watan Maris na 2012, ya ci Kofin Zakarun Turai a watan Mayu, aka ba shi aikin dindindin, sannan aka kore shi a watan Nuwamba na wannan shekarar. Ƙungiya takan farfaɗo na ɗan lokaci bayan tafiyar kocin da 'yan wasa suka gaji da shi, kuma bai kamata a ɗauki wannan farfaɗowar a matsayin hujjar bai wa mutum kwantiragin shekaru ba. Tun ranar naɗin a faɗa masa, a kuma faɗa wa magoya baya, cewa binciken neman na dindindin yana ci gaba.

Mataki na biyu: a tantance mai yanke hukunci da iyakar ikon koci

Kwamitin zaɓe ya kasance ƙarami, mutum uku ko huɗu, kuma a san wanda maganarsa ce ta ƙarshe. A ƙungiyoyin Turai na yanzu daraktan wasanni ne yake jagorantar binciken, mai kulob ya amince. A Najeriya lamarin ya ɗan bambanta, domin ƙungiyoyi irin su Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors da Plateau United mallakar gwamnatocin jihohi ne, saboda haka akwai shugaban kulob, akwai hukumar wasanni ko ma'aikata, akwai kuma gidan gwamnati inda kuɗin yake fitowa. Idan ba a daidaita waɗannan ɓangarori tun farko ba, za a wayi gari kowane ɓangare yana da ɗan takararsa, kuma wanda aka naɗa zai fara aiki da abokan gaba a cikin gida.

Haka nan a rubuta abin da ke ƙarƙashin ikon kocin. Shi ne zai zaɓi 'yan wasan da za a saya, ko zai ba da shawara ne kawai? Wa yake da iko kan ƙaramar ƙungiyar matasa da likitoci? A gasar Najeriya an saba naɗa mai ba da shawara kan dabarun wasa tare da babban koci a ƙarƙashinsa, kuma idan ba a fayyace wanda yake fitar da sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya ranar wasa ba, rikici ba ya daɗewa kafin ya kunno kai.

Mataki na uku: a rubuta siffofin kocin kafin a ambaci suna

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci. A ɗauki jerin 'yan wasan da ke da kwantiragi, a duba shekarunsu da irin wasan da suka iya, sannan a tambayi kai wane salo ne zai dace da su, domin sauya koci ɗaya ya fi sauya 'yan wasa ashirin sauƙi da araha. Abin da ya faru a Crystal Palace a 2017 ya isa darasi. Kulob ɗin ya ɗauko Frank de Boer, mutumin da ya ci gasar Holan sau huɗu a jere da Ajax, domin ya koya wa ƙungiyar riƙe ƙwallo da gina wasa daga baya. 'Yan wasan da ya tarar kuwa an tara su ne domin tsare gida da kai farmakin gaggawa, irin wasan da suka yi a ƙarƙashin Sam Allardyce har suka tsira daga faɗuwa. De Boer ya sha kashi a wasanni huɗu na farko na gasar ba tare da ƙungiyar ta zura ƙwallo ko ɗaya ba, aka sallame shi bayan kwana 77. Roy Hodgson, wanda ya gaje shi kuma salonsa ya dace da waɗannan 'yan wasan, ya kai su matsayi na 11 a ƙarshen kakar. Laifin bai tsaya kan De Boer shi kaɗai ba, domin waɗanda suka ɗauke shi sun so sabon salo amma ba su tanadi 'yan wasa ko haƙurin da salon yake buƙata ba.

Takardar siffofin ta ƙunshi burin kulob a kakar farko da ta uku, da salon wasan da ake so, da ko ana son mai renon matasa ne ko mai iya sarrafa manyan taurari, da iyakar abin da za a iya biya. Ta kuma ƙunshi takardar shaidar horarwa, domin wannan doka ce: Firimiyar Ingila tana buƙatar lasisin UEFA Pro, wato mafi girman lasisin horarwa na hukumar ƙwallon Turai, hukumar ƙwallon Afirka ta CAF kuma tana da matakin lasisin da take buƙata daga duk kocin da zai zauna a benci a gasanninta na ƙungiyoyi. Kulob ɗin da yake burin buga wasannin Afirka ya duba wannan tun farko, kada ya samu gurbi sannan ya tarar kocinsa zai kalli wasa daga cikin 'yan kallo.

Sanin yanayin gasa shi ma ya shiga takardar. Wanda zai horar da ƙungiya a Najeriya zai fuskanci wasanni 38, da doguwar tafiya a mota daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal, da filayen da ingancinsu ya sha bamban, da wahalar samun maki a waje, da zafin watannin Maris da Afrilu, da tsara atisaye a watan azumi. Ba mamaki ba ne cewa kofunan gasa huɗu da Kano Pillars ta ci, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, duk ta ci su ne a hannun masu horarwa na gida da suka san gasar ciki da waje, wato Kadiri Ikhana da Mohammed Baba Ganaru da Okey Emordi. Wannan bai hana ɗauko baƙo ba, amma duk wanda ya ɗauko baƙo ya tanadar masa mataimakin da ya san hanya.

Mataki na huɗu: tara sunaye da tace su

Kulob mai tsari yana ajiye jerin sunayen masu horarwa ko da kocinsa yana kan nasara, yana kuma sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Lokacin da Chelsea ta ɗauke Graham Potter daga Brighton a watan Satumba na 2022, kwana goma kacal Brighton ta yi ta naɗa Roberto De Zerbi, wanda salonsa ya dace da 'yan wasan da ya tarar, kuma a ƙarshen kakar ta zo ta shida, ta samu gurbin gasar Turai a karon farko a tarihinta. Tottenham kuwa, bayan ta kori José Mourinho a watan Afrilu na 2021, ta shafe fiye da wata biyu tana bin masu horarwa ɗaya bayan ɗaya, labarin kowace tattaunawa yana fita jaridu, har ta tsaya kan Nuno Espírito Santo, wanda kowa ya san ba shi ne zaɓin farko ba. Wata huɗu ya yi aka sallame shi.

Wajen tace sunaye, kada a tsaya kan matsayin da mutum ya kai a teburi ko yawan kofunansa. A auna sakamakonsa da abin da aka ba shi: nawa ne albashin 'yan wasansa idan aka kwatanta da na abokan hamayya, su wane ne suka inganta a hannunsa, kuma yaya ƙungiyar ta kasance kafin zuwansa da bayan tafiyarsa. Jürgen Klopp ya bar Borussia Dortmund a 2015 bayan kakar da ƙungiyar ta taɓa zama ta ƙarshe a teburin gasar Jamus a watan Fabrairu, kafin ta ƙare a matsayi na bakwai. Mai kallon teburi kaɗai zai ce tauraronsa ya dushe. Sashen bincike na Liverpool, ƙarƙashin Ian Graham, ya bi wasannin ɗaya bayan ɗaya yana auna ingancin damarmakin da Dortmund ta ƙirƙira da waɗanda ta bari aka ƙirƙira a kanta, ya gano cewa ƙungiyar ta yi wasa fiye da abin da makinta ya nuna. Liverpool ta ɗauke shi a watan Oktoba na 2015, ya ci mata Kofin Zakarun Turai a 2019, da gasar Ingila a 2020 bayan shekara 30 tana jira.

Kulob ɗin da ba shi da sashen bincike na kwamfuta yana iya yin kwatankwacin wannan da ido. A sa mutum biyu da suka san ƙwallo su kalli cikakkun wasannin ɗan takara da yawa, har da waɗanda ya sha kashi, su lura da yadda yake sauya 'yan wasa idan an riga shi cin ƙwallo, da yadda ƙungiyarsa take tsare gida a bugun kusurwa, da ko tana gajiya a minti ashirin na ƙarshe.

Kada kuma ƙarancin suna ya sa a watsar da mutum. A 2008 Barcelona ta zaɓi Pep Guardiola, wanda kakar wasa ɗaya kawai ya yi yana horar da ƙaramar ƙungiyarta, a daidai lokacin da Mourinho yake neman aikin, kuma a kakarsa ta farko ya ci kofuna uku. Bayer Leverkusen ta ɗauki Xabi Alonso a watan Oktoba na 2022 tana ta biyun ƙarshe a teburi, shi kuwa bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba, sai ga shi a 2024 ya ci gasar Jamus ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba. Sai dai a lura, ba don sun kasance shahararrun 'yan wasa aka ɗauke su ba. Dukansu sun fara ne daga horar da ƙananan ƙungiyoyi inda aka ga aikinsu. Ɗauko tsohon ɗan wasa don kawai magoya baya suna ƙaunarsa hanya ce ta sayen kwanciyar hankalin makonni kaɗan, kuma ranar da za a kore shi ta fi ta kowa ɗaci.

A ƙarshen wannan matakin sunaye uku zuwa biyar sun isa. Dillalai za su yi ta turo takardun mutanensu, kuma ba laifi a karɓa, amma jerin ya fito daga binciken kulob.

Mataki na biyar: tuntuɓa da ganawa

Idan ɗan takara yana da kwantiragi da wata ƙungiya, a nemi izininta a rubuce kafin a yi magana da shi. Everton ta nemi Marco Silva a ƙarshen 2017 yana Watford, Watford ta ƙi, sakamakonta ya lalace, ta kore shi a watan Janairu na 2018 tana mai ɗora laifin a kan wannan zawarcin, kuma daga baya sai da Everton ta biya diyya. A kuma kiyaye sirri da lokacin sanarwa. Real Madrid ta bayyana ɗaukar Julen Lopetegui, kocin Sifaniya a lokacin, ana saura kwana uku Sifaniya ta buga wasanta na farko a Kofin Duniya na 2018, washegari hukumar ƙwallon Sifaniya ta kore shi, ya isa Madrid da wannan tabon, kuma bai wuce watan Oktoba ba.

A wajen ganawa, a bar ɗan takara ya fi kowa magana. A nemi ya yi bayanin 'yan wasan kulob ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wanda zai gina ƙungiya a kansa da wanda ba ya buƙata, ya zana yadda makon atisaye zai kasance, ya kuma faɗi abin da zai yi idan ba a sayo masa kowa ba a kasuwar 'yan wasa mai zuwa. Wannan tambayar ta ƙarshe tana rarrabe mai horarwa da mai jiran a saya masa nasara. Lokacin da jami'an Leeds United suka je Ajantina ganin Marcelo Bielsa a 2018, sun tarar ya riga ya nazarci wasannin ƙungiyar da na abokan hamayyarta, kuma da kusan 'yan wasan da ya tarar ya mayar da ita Firimiya a 2020 bayan shekara 16. A tambaye shi kuma game da aikin da ya gaza a cikinsa. Wanda ya ɗora laifin duka a kan alƙalan wasa da shugabanni da 'yan wasa, haka zai yi muku.

Iya tsara magana a gaban kwamiti ba shi ne iya aiki ba, saboda haka sai a bi bayan ganawar da bincike a ɓoye. A tuntuɓi 'yan wasan da suka zauna a benci a ƙarƙashinsa, ba taurarinsa kaɗai ba, da likitan ƙungiya, da mai kula da kayan wasa, da sakataren kulob ɗin da ya bari. Su ne suka san ko yana zuwa atisaye a kan lokaci, ko yana wulaƙanta na ƙasa da shi, ko yana da alaƙar kuɗi da dillalan da yake sayo 'yan wasa ta hannunsu. Batun harshe ma a duba shi, ko da yake bai kai yadda ake zuzuta shi ba: Bielsa da tafinta ya yi aiki a Leeds. Abin da ake buƙata shi ne saƙo ya isa ga 'yan wasa ba tare da ya gurɓata ba.

Mataki na shida: kwantiragi

Doguwar yarjejeniya ba ta sayen kwanciyar hankali, sai dai ta ƙara kuɗin rabuwa. Manchester United ta bai wa David Moyes shekara shida a 2013 ta kore shi bayan wata goma. Chelsea ta biya Brighton sama da fam miliyan 20 domin ta ɗauki Potter da mataimakansa, ta ba shi shekara biyar, ta sallame shi kafin ya cika wata bakwai. Thomas Tuchel kuwa wata 18 aka ba shi a Chelsea a watan Janairu na 2021, ya ci Kofin Zakarun Turai a watan Mayu, sannan aka tsawaita masa. Ga yawancin ƙungiyoyi, shekara biyu ko uku da damar ƙari idan an cika wasu sharuɗɗa ya fi dacewa.

A rubuta adadin diyyar da za a biya idan kulob ya kore shi, da wadda wata ƙungiya za ta biya idan ta zo ɗaukarsa, da ladan cin kofi ko samun gurbin wasannin nahiya, da abin da zai faru da albashi idan ƙungiya ta faɗi daga gasa. A rubuta gida da mota da kuɗin jirgi idan baƙo ne, da irin kuɗin da za a biya shi da su, domin faɗuwar darajar naira ta sa albashin da aka yanke da dala yana iya ninkuwa a kan kulob kafin kwantiragi ya ƙare. Kada a yi alƙawarin abin da kasafin kuɗi bai ɗauka ba. A dokokin FIFA, kocin da ya fito daga wata ƙasa, idan aka riƙe masa albashin wata biyu, ya rubuto gargaɗi ya ba da wa'adin kwana 15 ba a biya ba, yana da hurumin soke yarjejeniyar ya kai ƙara, kuma kulob ɗin da ya ƙi biyan abin da aka yanke masa ana iya hana shi rajistar sababbin 'yan wasa.

Batun mataimaka ya cancanci a tsaya a kansa. Kowane koci yana son zuwa da amintattunsa, kuma hana shi gaba ɗaya zalunci ne, amma barin sa ya share kowa kuskure ne babba. Moyes ya isa Manchester United ya rabu da manyan mataimakan Alex Ferguson, kocin da ya gada, wato Mike Phelan da René Meulensteen da kocin masu tsaron raga Eric Steele, a daidai lokacin da shugaban gudanarwa David Gill shi ma ya sauka. Cikin 'yan makonni kulob ɗin ya rasa mutanen da suka san yadda ake tafiyar da shi, kuma ƙungiyar da ta ci gasa a 2013 ta ƙare ta bakwai a 2014. Abin da ya fi shi ne sabon koci ya zo da mutum biyu ko uku, kulob kuma ya riƙe likitocinsa da masu nazarin wasa da aƙalla koci ɗaya na gida.

Mataki na bakwai: gabatarwa da auna aikinsa

'Yan wasa su ji labari daga bakin shugabanni kafin su gani a Facebook, kyaftin da manyan 'yan wasa kuma su gana da shi kafin taron manema labarai. A wajen taron, shugaban kulob ya faɗi dalilin zaɓen da burin da aka sa a gaba, kada ya yi alƙawarin kofi don ya faranta wa magoya baya rai, domin da wannan maganar za a riƙa auna kocin duk ranar da aka yi canjaras a gida.

Daga nan sai a amince da ma'aunin aiki da lokacin dubawa, misali bayan wasanni goma, da tsakiyar kaka, da ƙarshenta. Ban da maki, a duba ko salon da aka yi alƙawari yana bayyana a fili, ko raunuka sun ragu, ko matasa suna samun dama, ko 'yan wasa suna tare da shi. Al'adar bai wa koci wa'adin wasanni uku ya gyara ko ya tafi, wadda ta zama ruwan dare a gasar Najeriya, tana tilasta masa ya ajiye matasa ya koma wasan tsoro, kuma tana sanar da 'yan wasan da ba sa ƙaunarsa cewa makonni kaɗan suka rage masa. Ferguson ya isa Manchester United a watan Nuwamba na 1986 bai ci kofi ba sai a watan Mayu na 1990, Mikel Arteta kuma ya ƙare na takwas sau biyu a jere a Arsenal kafin ƙungiyar ta fara takarar lashe gasa. Wannan ba ya nufin kowane koci ya cancanci shekaru huɗu, domin a wajen waɗannan biyun shugabanni suna ganin ci gaba a filin atisaye da ɓangaren matasa wanda teburi bai riga ya nuna ba. Idan aka kai lokacin dubawa na biyu babu ci gaba a maki, babu a salon wasa, 'yan wasa kuma sun juya masa baya, sai kwamitin ya koma kan jerin sunayen da ya ajiye, ya fara tuntuɓar na gaba kafin a sanar da rabuwa.